Kafin ka sa wa guruf ɗinka kuɗin shiga

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wannan rubutun na ƙannena ne na nan Damagaram, maza da mata, waɗanda kullum nake ganin tallarsu a waya: a shigo guruf na musamman na WhatsApp ko Telegram, jika 2 (sefa 2,000) kacal a wata. Wani ɗinki yake koyarwa, wata turaren wuta da humra, wani shirin jarrabawar BEPC da BAC, wani gyaran sola. Ba hana ku zan yi ba. Ni ma ina riƙe da ƙaramin zaure na masu kiwon kaji wanda ake biya duk wata, kuma a wurina halal ne mutum ya ci abinci daga iliminsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda waɗannan gurufa suke mutuwa kafin su cika wata uku, mai guruf ya tafi da haushin mutane, mutane su tafi da haushinsa, gobe idan wani mai gaskiya ya buɗe nasa a ce ai duk irinsu ɗaya.

Yawancinmu mun ɗauka bidiyo da takardu muke sayarwa. To mu tambayi waɗanda suka riga mu. Marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda akasarinsu mata ne, su suka saba wa Bahaushe da biyan kuɗi don a sa shi a guruf. Ka biya, ka tura shaida, a sa ka, wanda ya ƙara kuɗi ya riƙa samun shafi kafin kowa. Matanmu na Zengo da Birni da Sabon Gari sun daɗe suna biya, wasu da kredin waya, wasu ta kamfanin tura kuɗi na Nita. Amma kukan marubutan nan guda ne a ko'ina: shafin da aka saki da dare, kafin gari ya waye ya zaga gurufa na kyauta. Allah ya isa da ake rubutawa a saman kowane shafi bai hana ba. Ina tausaya musu ƙwarai, domin guminsu ne ake ci, kuma mai fitarwa ya san haƙƙi ya ɗauka. Sai dai duk abin da ake turawa da yatsa ɗaya, wata rana sai an tura shi, kuma wanda ya kafa sana'arsa a kan wannan kaɗai zai ƙare da rigima da ɓarayi.

Abin da ba ya turuwa shi ne amsa a lokacin da ake bukatarta. Bari in ba da misali da abin da na sani. Tsakar rana ce a watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, wata baiwar Allah a Mirya ta leƙa ɗakin kajinta ta tarar sun buɗe baki suna haki, biyu sun kwanta. Ba ta da lokacin neman darasi na goma sha a cikin waya. Ta ɗauki hotonsu ta jefa cikin guruf, kafin ta ajiye wayar wani da ya taɓa shiga wannan halin ya turo mata murya: ki janye abinci har yamma ta yi, ki sa ruwa mai sanyi, ki buɗe iska, ki rage cunkoso. Wannan ne take biya wa. Tana biya don ta ji nawa ake sayar da masara da dusa yau a kasuwar Dole kafin ta hau kabu-kabu. Tana biya don idan mutum biyar za su yi odar ƴan tsaki daga Kano a haɗa da ita a raba kuɗin mota. Tana biya don a tuna mata ranar rigakafin cutar kaji ta Gumboro, a kuma gargaɗe ta idan annobar kaji ta hunturu ta ɓulla wajen Magariya ko Matamai. Rabin wannan amfanin ma daga sauran ƴan guruf yake fitowa. Aikin mai guruf shi ne ya tara mutanen da suka dace da juna, ya tsare wurin, ya kasance yana nan.

Shi ya sa ba na ganin hikimar neman cika guruf. Tun 2022 WhatsApp yake ɗaukar mutum 1,024 a guruf guda, Telegram kuwa har 200,000. Don an ba ka fili ba dole ba ne ka cika shi. Mutum dubu ba sa hira, sai dai yuyuyu, mai jin kunya ya yi shiru, mai surutu ya mamaye wuri, tambayar gaske ta nutse cikin gaisuwar Juma'a. Ku yi lissafi da kanku. Mutum 60 masu biyan jika 2 duk wata, sefa 120,000 ke nan, kuma za ka iya riƙe sunan kowa da matsalarsa. Idan kuma kana da mutum 100 amma 20 suna ficewa kowane wata, dole ka nemo sababbi 20 kafin ka koma inda kake jiya. Ƙarfinka duk zai tafi a talla, waɗanda ke ciki su ji ka yi watsi da su, su ma su bi sahu. Lambar da ya kamata mai guruf ya sa wa ido ita ce mutum nawa ne suka sake biya a wata na biyu da na uku ba tare da an roƙe su ba.

Mu a ƙasar nan bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Iyayenmu mata sun daɗe suna adashe. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka ɗauka, a kan wannan ya tsaya: mata kaɗan da suka san juna, ranar taro sananniya, zubi sananne, akwati da ake buɗewa a gaban kowa, tara ga wadda ta saɓa doka. Mace tana ci gaba da zubi ne domin ta san me za ta samu da kuma yaushe, ta kuma san wadda ke riƙe da kuɗin. Guruf na kuɗi ma haka yake so. Ka faɗi ranar darasi ka cika. Ka faɗi sa'o'in da kake amsa tambaya ka cika. Ka bari a san fuskarka da unguwarku.

Sai maganar farashi, wadda a nan ne muka fi zaluntar juna ba da sani ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 sefa 42,000 ne, kuma mutane da yawa ko wannan ba sa samu a tsaye. Wanda ya sa jika 5 a wata ya nemi fiye da kashi ɗaya cikin goma na wannan albashin. Bayan haka ɗan guruf zai sayi mega, zai kai waya caji idan wuta ta ɗauke. Idan ka loda masa bidiyo mai nauyi kullum, ka ƙara masa wani kuɗin da bai shiga aljihunka ba. Saƙon murya gajere cikin Hausa mai kyau ya fi masa, balle da yake da yawa daga cikin ƙwararrun masu sana'armu ba sa karanta boko sosai. Ma'aunina guda ne: shin a cikin watan nan mutumin ya mai da kuɗinsa, ko ta riba ko ta asarar da ya kauce wa? Idan kaza biyu aka ceto masa, ya mayar har da ƙari. Idan ba za ka iya nuna irin wannan ba, farashinka ya yi yawa ko da dala ɗari ne. Kuma a tuna aljihun mutanenmu yana bin lokaci. Da damina kuɗi suna gona, da azumi suna cefane, gaban babbar Sallah suna wurin rago, watan Oktoba suna wajen kayan lakwal. Ka ba mutum dama ya dakata wata ɗaya ya dawo ba tare da ya ji kunya ba.

Masu kallon bidiyon Turawa suna yawan kawo mana zancen shafukan da mabiya ke biyan mai fasaha ko marubuci kuɗi duk wata, wato Patreon, wanda aka kafa a 2013, da Substack na 2017 mai cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka biya marubuci. Waɗannan an gina su ne don mai katin banki wanda za a riƙa cire masa kuɗi duk wata ba tare da ya motsa ba. Namu ɗan guruf sai ya tashi ya je Nita ko Amana ko Al Izza, ko ya tura ta Airtel Money ko Moov, ma'ana kowane wata sai ya sake yanke shawara ko kana da amfani. Ni ina ganin wannan alheri ne, yana hana mu barci. Amma yana bukatar littafi: suna, ranar biya, ranar ƙarewa. Kada a dogara da hoton shaida kaɗai, a duba kuɗin sun shigo. A ware lambar sana'a daban da ta gida. Masu ƴan guruf daga Kano da Daura da Katsina kuma su tsayar da farashi da sefa, su riƙa lissafa naira duk wata, domin tun da aka saki darajarta a Yunin 2023 wanda ya tsayar da farashinsa da naira ya ga yadda kuɗinsa suka narke.

Ta ina sababbi za su zo? Ka bar ƙofa guda a buɗe, shafin Facebook ko TikTok ko tashar WhatsApp, ka riƙa ba da abu mai amfani na gaske kyauta, don kada mutum ya yi cinikin biri a sama. Kada ka jefa kowa cikin guruf bai nema ba. Sauran aikin bakin mutane ne zai yi, a fada wajen shayi da gidan biki. Wadda ƙawarta ta kawo ta ta fi daɗewa a kan wadda talla ta kawo.

A nan sai na ɗaga murya. Yi wa wanda ya kawo abokinsa rangwame ba laifi ba ne. Amma ranar da kawo mutane ya zama shi ne hanyar samun kuɗi a guruf, babu wata sana'a a ƙasa, to an shiga layin tsare-tsaren damfara na zuba kuɗi irin MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Najeriya a Disambar 2016, da CBEX da ta rufta da su a Afrilun 2025. Haka gurufan da ke sayar wa yaranmu sakamakon cacar ƙwallo, da masu cewa a biya su faɗi inda kasuwar canji ta intanet za ta nufa gobe. Wanda ya san sakamakon wasan gobe me zai yi da jika biyunka? Na ga samari sun sayar da waya, wani ya taɓa jarin mahaifiyarsa. Caca ce, addininmu ya hana, kuma ita take ɓata sunan duk mai karɓar kuɗin wata da gaskiya. Masu sayar da haɗin magunguna ga mata a ɓoye cikin guruf, ba likita ba masani, su ma su ji tsoron Allah.

Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya karɓi amanar mutuncinsu. A WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, kuma matan aure da ƴan mata da yawa sun bar gurufa masu amfani saboda wani ya bi su ta bayan fage da sallamar da ba ta da dalili. Dokar wannan ta zama ta farko, kuma wanda ya karya a fitar da shi ko nawa ya biya. Idan abin ya yi yawa, Telegram yana ba da damar ɓoye lamba, ko a raba zauren mata daban da mace a matsayin admin. Siyasa da yaɗa jita-jita a bar su waje. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 a Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya, saboda haka tsare guruf daga wannan kare kai ne da kare ƴan'uwa.

Kai ma mai guruf mutum ne, kana da iyali da sallah da barci. Idan mutane sun ƙaru, ɗauki ɗaya ko biyu cikin tsofaffin ƴan guruf su taya ka, ka yafe musu kuɗin wata ko ka ba su wani abu a hannu. Lokaci zuwa lokaci ku haɗu ido da ido, a gonar wani ko shagon wata, waɗanda ke Tanut da Gure a tura musu hotuna. Idan lokacin biyan mutum ya zo, tuna masa a keɓe kwana biyu ko uku kafin ranar, kada a kira sunansa cikin jama'a. Idan kuma rashin lafiya ko tafiya ta hana ka aiki wata guda, ka faɗa da bakinka, ka ɗaga wa kowa watan ko ka mayar musu da kuɗinsu.