Shaddar da ta rine cikin dare

Wani Alhaji ya kawo min tsohon fim ɗin kyamara na hoton ɗaurin aurensa, baƙi da fari, shagona na wankin hoto da ke Jekadafari a Gombe. Ya ce babban hoto yake so, kuma a kan takarda mai kauri irin ta da, ba mai leda ba. Na ba ta haske sakan 20, minti 2 a ruwan maganin da ke fito da hoto, na tsayar da aikin maganin, na sa ta a maganin da ke kafe hoton, na ɗauraye awa guda. A cikin farantin ruwa shaddar da ya sa a hoton fara tas, aikin wuyan ana ƙirga zarensa. Na shanya na tafi gida ina jin kaina.

Da safe riga ta koma ruwan toka. Alhaji ya juya hoton, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, ni dai fara na sa ranar. Wa ya kai min ita marina?"

Ba rini ba ne, halin takardar ke nan. Hoton ƙwayoyin azurfa ne zaune cikin jelatin, wani siririn shafi mai danƙo a fuskar takardar. In ta sha ruwa, jelatin ya kumbura, takardar ma ta ɗan miƙe, ƙwayoyin su ba juna wuri, fari ya yi ta ƙyalli. Tana bushewa komai ya tsuke, azurfa ta matsu, duhu ya ƙaru. A wajen fari abin ya fi tona asiri: riga, rawani, sararin sama. Mai leda ba ta shan ruwa ta ciki, shi ya sa nata bai taka kara ya karya ba. Ƙwan ɗakina ma ɗan zuga ne, haskensa ya yi yawa, duk hoton da aka nuna masa sai ya ce ya yi.

Maganin lissafi ne. A fitar da hoton gwajin da ya yi daidai a jiƙe, a bar shi cikin ruwa. A yi wasu da sakan 19, 18 da 17, a rubuta a bayansu da fensir, a busar, a jera su kusa da jiƙaƙƙen bayan an share masa ruwa. Busasshen da ya yi kama da jiƙaƙƙen, shi ke nuna yawan hasken da za a rage. Yawanci kusan kashi 10 cikin 100 ne, wato 20 ta koma 18, amma kowace takarda da nata.

Jira ne ba na iyawa, sai na fara aron abin busar da gashi wajen maƙwabciyata mai gyaran kai. Ga hunturu, ga iska mai zafi, gwajin farko ya nannaɗe kamar tabarma. Yanzu nesa-nesa nake hurawa. Ita kuwa Hajiya ta yanke farashi: kowane ƙyallen gwaji kuɗin kai ɗaya, in na shigo da huɗu ta ce ai kitson biki ne.