Kuɗin haya da na makaranta ba na kirifto ba ne

'Yan uwana matasa, wata magana ta cika majalisu da zaurukan WhatsApp: wai duk wanda ya bar kuɗinsa a asusun ajiya na banki bai waye ba, a kwashe a zuba a kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin. Rabin maganar gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ke kai mutane ya baro su.

Naira ta sha kashi, babu musu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, cikin 2024 ta haura 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kuɗinka na nan yadda ka bar shi a asusu, amma buhunan shinkafar da zai saya sun ragu. Ɗan kuɗin ruwan da banki ke ɗorawa bai kama ƙafar wannan ba, da yawanmu ma ba ma cin sa.

Sai dai asarar banki a hankali take zuwa, kuma akwai wurin kai kuka. Da Babban Bankin Najeriya ya janye lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowane mutum. Waɗanda nasu ya wuce haka sun sha jira, gaskiya ne, amma suna da ofishin da za su je.

A kirifto wa za ka kama? Bitcoin, wanda shi ne babba a cikin kuɗaɗen kirifto, ya kusa dala 69,000 a Nuwambar 2021, shekara guda bayan nan ya faɗo wajen 16,000. A Nuwambar 2022 ɗin kasuwar cinikin kirifto ta FTX ta rushe da kuɗin jama'a, daga baya kotun Amurka ta ɗaure mai ita, Sam Bankman-Fried, shekara 25. Ka tura kuɗi zuwa adireshin da ba shi ba, sun tafi ke nan. Ka ɓatar da kalmomin sirrin lalitarka, wato asusun da ake ajiye kirifto a ciki, ko ka bai wa wani "admin" da ya ce zai gyara maka matsala, shi ke nan, sai dai haƙuri.

Abin da ya fi cinye mu ma ba kirifton ba ne, masu fakewa da sunansa ne. CBEX, wata manhajar zuba jari da ta ce tana cinikin kirifto, ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, a Afrilun 2025 aka wayi gari ba a iya cirewa, har fusatattu suka wawashe ofishinta a Ibadan. Kafin ita wata harkar zuba kuɗi mai suna MMM ta yi mana haka a Disambar 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ce maka riba tabbas ce, kuma sai ka kawo mutum uku, da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ko da abokinka ne ya kawo maka tallar, ko da ya nuna maka alat.

Don Allah kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, sadakin da kake tarawa da jarin shago su zauna a banki, ko a juya su a sana'ar da ka sani. Kada ka ci bashi ka shiga. Kada ka taɓa kuɗin adashi ko amanar da Hajiya ta ba ka ajiya. In ka matsu sai ka gwada, ka sa abin da in ya salwanta ba zai hana a ɗora tukunya a gidanka ba, ka kuma tambayi malamin da ka yarda da shi, domin malamai sun saɓa a kan hukuncinsa.

Sai batun gado, wanda ba mu cika tunawa ba. In mutum ya rasu, magada kan bi banki da takardun kotu su karɓi haƙƙinsu. Lalitar kirifto kuwa ba ta san alƙali ba. In kana da wani abu a ciki, ka rubuta yadda ake buɗewa, ka adana a wurin da amintacce ɗaya a gidanku ya sani.