Kai mai ƙaramar jif, yaushe rabonka da duba fulogi?

Assalamu alaikum samarin Sakkwato, musamman ku da Allah ya hore wa RAV4 ko CR-V da makamantansu. Ƙannena, ina ganin yadda kuke ji da motocin nan. Wanki kullum, turare a ciki, taya na sheƙi. Amma a tambayi ɗayanku yaushe aka canza mata fulogi, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai tana tashi." To, tashi daban, lafiya daban.

Yawancin waɗannan motoci silinda huɗu gare su, kowace da fuloginta, kuma shi ke ƙyasta wutar da ke ƙona fetur. Idan inji na juyawa 2,000 a minti, kowane fulogi na ƙyastawa sau 1,000 a wannan mintin. Yau da gobe bakinsa na cinyewa, tazarar da wutar ke tsallakawa tana buɗewa, sai koyil, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, ya riƙa wahala kafin ya tura ta, har wata rana ya ƙone. Man da bai ƙone a inji ba kuma sai ya gangara salansa ya cinye katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na fulogi huɗu nesa ba kusa ba.

Yaushe ake canzawa? Ya danganta da irin wanda ke ciki. Na jan ƙarfe, wato mai araha, yakan kai kilomita 30,000 zuwa 50,000. Na iridiyam (wani ƙarfe mai juriya), wanda motocin zamani ke fitowa da shi daga kamfani, yakan kai wajen mil 100,000, kusan kilomita 160,000 ke nan. Toyota ta sa mil 120,000 ga RAV4 mai injin lita 2.5. A CR-V kuwa, motar da kanta takan nuna lamba 4 cikin alamomin sabis idan lokaci ya yi. Inji mai turbo, wato na'urar da ke ƙara tura masa iska, ya fi cin fulogi da wuri, don haka ka buɗe littafin motarka ka gani. Kuma ka kula, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Sai dai duk wannan lissafi na wanda ya ɓare motarsa a leda ne. Kai da ka sayi 'yar Kwatano, ko wadda ta zaga hannu uku kafin ta iso gare ka, me ka sani game da abin da ke cikin injinta? Ana juya mita baya, kowa ya san haka. Mai ita na baya ma wataƙila ya cire na asali ya cusa mai araha don ta samu shiga kasuwa. Shawarata, a makon da ka saya ka sa a kwance fulogin ka gani da idonka. In akwai shakka, a zuba sababbi, ka rubuta lambar mita da kwanan wata a ɗan littafi ka jefa cikin aljihun mota. Daga nan lissafinka ya fara.

Garinmu ma yana da nasa. A zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, mutum zai faka a inuwa ya bar inji na aiki da na'urar sanyi minti talatin yana latsa waya. Mita ba ta motsa ba, amma fulogi na ta ƙyastawa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska, ga man jarka na gefen titi da ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Saboda haka ni ba na jira sai lambar kamfani ta cika cif.

Mota ba ta ɓoye ciwonta. Za ka ji tana karkarwa a silo, ko ka yi ta ba ta kik da safe kafin ta kama. Ka taka totur za ka wuce tirela a hanyar Tambuwal, sai ta yi shaƙuwa ta ja baya, kuma a nan ne abin ke zama na rai. Mai ya riƙa ƙarewa da sauri, alhali tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san zafin lita. Idan wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama, a sa mata kwamfuta. Lambobin P0300 zuwa P0304 na nufin inji na yin mis, wato wani silinda ba ya ƙona mai daidai. In kuwa wutar ƙiftawa take yi, ka sauka gefe ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa Illela.

Idan an ciro, karɓi fulogin ka juya shi a hannunka. Baki mai ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya ce. Baƙin gawayi busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Jiƙe da baƙin mai, to matsalar ta wuce fulogi, ko ka sa sabo zai sake ɓaci sai an gyara inda ke yoyo.

Abu biyu ke ba ni haushi a gareji. Wani bakanike zai ɗauko burushin waya ya goge na iridiyam ya ce, "Alhaji, wanga yana da sauran rai," alhali siririn bakin nan ba ya son gurza. Wani kuma kowane sabis sai ya rubuta maka fulogi, ya cire mai kyau ya sa na banza. Kada ka yarda da ko ɗaya.

Wajen saye, tafi da lambar da littafin motar ya faɗa. NGK da Denso su ne aka fi samu a motocin Japan, su ne kuma aka fi yi wa jabu, kwali kamar gaske. In ka ji farashin iridiyam ya faɗi warwas, araha ba ta ado. A canza huɗun gaba ɗaya, kuma sai inji ya huce, domin kan injin na alminiyam ne, zarensa na saurin lalacewa. A hure ƙurar ramin kafin a kwance, a fara ɗaura sabon da hannu, sannan a sa sifana.