Duniyar da shekararta kwana huɗu ce, kuma za mu iya auna irinta daga Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanenmu, har da waɗanda suka yi karatun boko mai zurfi, duk lokacin da aka ambaci duniyoyin da ke zagaye wasu taurari masu nisa. Sai a ce ai wannan ƙanzon kurege ne na Turawa, wa ya je ya gani? A ganina tambayar ta cancanci amsa cikin mutunci, domin mutumin da ba ya haɗiye labari sai ya san tushensa ba abin raini ba ne. Gaskiya ne babu wanda ya je. Amma an auna, an sake aunawa, an yi jayayya, kuma awon ya tsaya da ƙafarsa.

A watan Oktoba na 1995, masana biyu daga Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz, suka sanar cewa sun gano wata duniya tana zagaye tauraron da ake kira 51 Pegasi, wanda haskensa ke ɗaukar kimanin shekara 50 kafin ya iso mana. Tauraron ya yi kama da ranarmu a girma da zafi. Duniyar kuwa ƙatuwa ce ta iskar gas, nauyinta ya kai kusan rabin na Mushtari, wato mafi girma a cikin duniyoyin da ke zagaye ranarmu, sai dai yayin da Mushtari ke shafe kusan shekara 12 kafin ya kammala zagaye rana, ita cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i take gama nata zagayen. Tsakaninta da tauraronta bai wuce kilomita miliyan 8 ba, alhali tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, kuma duk da wannan nisa mun san yadda Afrilu da Mayu suke a Sakkwato idan ma'auni ya haura digiri 40. Zafin da aka ƙiyasta a can ya kai wajen digiri 1,000.

Ba su ga duniyar da ido ba, tauraron suka sa wa ido. Idan babba ya riƙe hannuwan yaro yana juyi da shi a tsakar gida, za ka ga shi ma babban yana ɗan karkatawa baya, domin nauyin yaron yana jan sa. Haka tauraro yake ɗan tangaɗi idan duniya mai nauyi tana zagaye shi, wani lokaci ya matso wajenmu, wani lokaci ya ja baya, kuma wannan motsi yana sauya launin haskensa kaɗan. Da na'urar tsefe haske da ke wata cibiyar kallon sama a kudancin Faransa suka auna wannan kai da komowa, suka samu gudunsa ya ɗan haura mita 50 a daƙiƙa, yana maimaita kansa ba fashi. Kafin watan ya ƙare, wasu masana a Kalifoniya sun juya tasu na'urar sun samu abu ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne cewa masanan kansu ba su tsammaci haka ba. Abin da aka yi ittifaƙi a kai a lokacin shi ne manyan duniyoyin gas ba sa samuwa sai can nesa da tauraro, inda sanyi ya isa ya daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara, kamar yadda Mushtari da Zuhal suke. Sai ga awo ya zo ya saɓa wa littafi. An ja da shi ƙwarai. A 1997 wani masani a Kanada ya kafa hujja cewa babu wata duniya a wurin, tauraron ne da kansa yake motsi a jikinsa. Aka ƙara bincike, hujjarsa ba ta tsaya ba, kuma a shekarar da ta biyo baya shi da kansa ya janye. Bayanin da ya fi karɓuwa a yau shi ne irin waɗannan duniyoyi a nesa ake haifar su, daga baya su yi ƙaura sannu a hankali su matso kusa da tauraron. Mai shirya ƙarya ba ya shirya wadda za ta rushe iliminsa, balle ya miƙa wa abokan hamayyarsa hanyar bincikarsa. A 2019 aka ba Mayor da Queloz kyautar Nobel ta ilimin fiziks.

Daga baya an samu waɗanda suka fi ta ƙuna. Kusancin da suke yi da tauraro yana sa gefe ɗaya ya riƙa fuskantar sa kullum, ɗaya gefen kuma ya dawwama cikin dare. A kan wata da ake kira WASP-76b zafin gefen da ke fuskantar tauraro ya haura digiri 2,400, har ƙarfe yana zama tururi, kuma daga awon da aka yi a ƙasar Chile masana suka fahimci cewa iska tana kwashe tururin zuwa gefen dare ya koma ruwan ƙarfe ya zuba. KELT-9b, da aka sanar a 2017, ta haura digiri 4,000. A nan dole in yarda da masu shakka a kan abu ɗaya: hotunan nan masu jan wuta da ake yaɗawa a Facebook zanen masu zane ne, ba ɗaukar kyamara ba. Duk wanda ya yaɗa su bai faɗi haka ba yana zubar da mutuncin ilimin da yake son tallatawa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. A 1999 aka fara ganin wata duniya irin wannan, HD 209458 b, tana gittawa ta gaban tauraronta, hasken ya ragu da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tsawon kimanin sa'a uku, kuma hakan yana faruwa duk kwana uku da rabi. Ɗaya daga cikin na'urorin da suka kama wannan dusashewa a Amurka faɗin madubinta santimita 10 ne kawai. Daga nan aka san girman duniyar, aka haɗa da nauyinta, lissafi ya nuna lallai gas ce ba dutse ba. Wannan tauraro da 51 Pegasi duka suna cikin rukunin taurarin da Larabawa ke kira Alfarasul A'azam, kuma a Oktoba, bayan damina ta ɗauke kafin hazon hunturu ya sauko, suna ratsawa kusan saman kanmu bayan sallar isha'i.

Mu mutanen garin da ƙasa baki ɗaya ke jiran sanarwar ganin wata daga Fadar Sarkin Musulmi ne, don haka ɗaga kai a dubi sama da tantance shaida ba baƙon abu ba ne gare mu. Na san za a ce muna da ƙishin ruwa da matsalar tsaro da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma duk gaskiya ne. Sai dai ƙaramar na'urar hangen nesa da kyamara da kwamfuta ɗaya ba su kai kuɗin mota guda ta ofis ba. Roƙona ga malamanmu na fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu hannu da shuni na jihar nan shi ne a tanadi irin wannan kaya, a fita da ɗalibai bayan gari inda fitilu ba sa damu, a gayyaci 'yan sakandare da ɗaliban makarantun ilimi, a zauna sa'a ukun nan a auna hasken HD 209458 yana raguwa yana dawowa, sannan a buga sakamakon da Hausa domin mai tambayar wa ya je ya gani ya duba lambobin da kansa.