Wayar da injina ke magana ta cikinta ita ce muka bari a baya

Duk wanda ya leƙa masana'antar gyaran shinkafa ta zamani a Sharaɗa ko Challawa zai lura mutane sun ragu a bakin injin, akwatunan ƙarfe masu ƙananan fitilu sun ƙaru. A cikin akwatin akwai PLC, ƙaramar kwamfutar da ke ba injina umarni. Ita ce ke tambayar na'urar auna zafi, ta gaya wa inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, ta rage gudun, ta kai rahoto ga allon da ma'aikaci ke kallo. Duk wannan zance ta siririyar waya yake bi.

Abin da ke ci min rai shi ne, muna da masu gyaran lantarki ƙwararru, waɗanda za su naɗa moto su haɗa janareto ba gargada, amma da zarar wannan wayar ta samu matsala sai aiki ya tsaya cak, a zauna jiran wani daga Legas ko daga ƙasar da aka sayo injin. Leburori a gida, shinkafa jibge a sito.

Kuma ilimin ba ɓoyayye ba ne. Modbus, yaren da yawancin waɗannan na'urori ke ji, kamfanin Modicon ne ya fito da shi a 1979, bayaninsa kuma kyauta yake a intanet. Hanyar da ya fi bi, RS-485, tun 1983 aka tsara ta. Wayoyi biyu ne a murɗe, suna iya kai saƙo kusan mita 1,200, da na'urori 32 a layi ɗaya. Hikimar murɗewar tana burge ni ƙwarai: hayaniyar lantarki daga manyan injina tana faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, mai karɓar saƙo kuwa bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta.

Sau da yawa lalacewar ƙarama ce. An juya wayoyin biyu, A da B. An manta da resista mai ohm 120 a ƙarshen layi. An ba na'urori biyu lamba ɗaya. Ɗaya tana aika saƙo a gudun bit 9600 a daƙiƙa, ɗayar a 19200. Ko an kwantar da wayar saƙo gefe da gefe da kebul ɗin wuta. Ga tsawar damina da yawan sauyawa zuwa janareto, masu ƙona ƙofar sadarwar da ba a killace ta ba.

Na san akwai sababbi masu bin Ethernet, wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita, irin su Profinet da EtherCAT. Za a kai gare su. Wanda ya gane tsohon, sabon ba zai ba shi tsoro ba.

Wani abu kuma, masu masana'anta, kafin ku ce a haɗa muku injin da intanet don ku riƙa kallo a waya, ku sani Modbus ba ya tambayar wanda ya aiko umarni. Ko Stuxnet, muguwar manhajar da aka gano a 2010, ta na'urorin PLC na kamfanin Siemens ta yi ɓarna a cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran.

Kwalejojin fasaharmu su ajiye wa ɗalibai PLC da inbata su haɗa da hannunsu, ba zane a allo ba. Ku kuma alhazai masu sayo injin, kada ku biya cikon kuɗi sai an miƙa muku zanen wayoyi, da jerin adireshin bayanan kowace na'ura, da kalmar sirrin manhajar, an kuma zauna da yaranku an koya musu kafin injiniyan ya hau jirgi.