Wa ke raɗa wa bincike suna?

A tsakiyar watan Disamba, lokacin da rana ba ta fitowa ko kaɗan a Tromso da ke arewacin Norway, na halarci zaman wasu ɗaliban digiri na biyu masu shirin nazarin ƙanƙarar da ke rufe Tekun Arktik. Da hantsi ne amma waje kamar bayan magariba, an kunna fitilu, kowa ya rataye jibgegiyar rigar sanyinsa ya zauna da kofi a hannu. Aikinsu na ranar shi ne raɗa wa binciken suna. Sun rubuta dogon taken a allo, suna tsintar haruffan farko suna jujjuyawa har ya ba da sunan wani tsuntsun teku. Malamar da ke duba aikin, farfesa mai furfura, ta kawo nata sunan, aka kaɗa ƙuri'a ya faɗi, ta kuwa ɗauki na ɗaliban ta rubuta a takardar neman kuɗin bincike.

Masu binciken yankunan ƙanƙara sun daɗe da gane cewa suna mai daɗin faɗi yana kai aiki inda dogon take ba ya kaiwa. Jirgin ruwan Jamus, Polarstern, ya tashi daga wannan gari na Tromso a Satumbar 2019, ya bari ƙanƙara ta riƙe shi tana tafiya da shi kusan shekara guda, da masana daga ƙasashe 20, kuma duniya ta san tafiyar da kalma ɗaya, MOSAiC. A can ƙuryar kudancin duniya, na'urori fiye da 5,000 da aka binne cikin ƙanƙara mai zurfin fiye da kilomita 2 ana kiransu IceCube kawai.

Na yarda abin yakan wuce gona da iri. A 2016 mutum fiye da 124,000 a Birtaniya suka zaɓi sunan barkwanci, Boaty McBoatface, ya zama sunan sabon jirgin bincike, gwamnati ta ƙi, ta sa masa sunan Sir David Attenborough, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen talabijin kan namun daji, ta bar wancan ga ƙaramar na'ura mai nutso. Duk da haka, yaran makaranta da yawa ta wannan suna suka fara jin labarin binciken tekun kudu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jami'o'inmu na gida. Mun san yadda ake yi: malami ya miƙa take, ɗalibi ya ce to, a ɗaure kundin da baƙin bango a jera a kanta, shi ke nan. Ba na yarda a ce ɗalibanmu ba su da basira, domin na zauna da su, na san kaifin bakinsu da zurfin tunaninsu idan malami ya fita daga aji. Tsoro muka koya musu muka kira shi ladabi. Ɗalibin da bai isa ya gyara kalma ɗaya a taken aikinsa ba, da wuya ya iya gaya wa malaminsa cewa sakamakon gwajin ya saɓa wa abin da aka koyar a aji, alhali kuwa da irin wannan magana kimiyya take ci gaba.