Ƙusa huɗu da ban buga ba

Ranar da zan karɓi makullin ɗakina a Agege, Baba mai gida ya riƙe hannuna ya kai ni gaban bango kamar zai gabatar da ni ga surukina. Sabon fenti ne ruwan madara, ko ƙamshinsa bai tafi ba. Cikin Hausarsa ta Bayaraben da ya tsufa tsakanin 'yan goro ya ce, "Malam, ba ƙusa. Ko guda. Ka buga ƙusa, kuɗin ajiya ya tafi." Na ce masa, "Baba, ni ko guduma ban mallaka ba." Ban yi ƙarya ba, aro nake yi.

Bayan wata biyu aka kawo amarya daga Zariya, da kayan da suka fi ƙarfin ɗakin, da kuma ƙanwarta 'yar shekara shida da aka bar mata 'yar zaman ɗaki. Gado ya sami wuri, kwanuka suka hau kan juna a gindin bango. Saura kayan rataya: kalanda, hoton bikinmu cikin gilashi, sai agogon bango da Kawu ya ba mu gudummawa, mai katako, wanda nauyinsa ya kai na mudun shinkafa. Amarya ta ce a samo ƙusa huɗu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta auri mai ilimin zamani.

Gyaran waya nake yi a Computer Village da ke Ikeja, kuma a kan teburina ba a rasa wani shuɗin danƙo mai kama da cingam. Ba ya bushewa kamar gam. Ka gutsuro, ka murza shi tsakanin yatsu har ya ɗumama ya yi laushi, ka danna, sai ya shige ƙananan ramukan da ido ba ya gani ya kama. In ka gama ka ɓamɓare, ka dunƙule, gobe ka sake aiki da shi. Da shi nake liƙa ɗan mitsitsin noti a bakin sukudireba don kada ya ɓace mini cikin waya, da shi nake tsamo dattin da ya toshe lasifika. Shekara uku bai taɓa ba ni kunya ba. Sai na ce a raina, abin da ya riƙe noti me zai hana shi riƙe agogo, in dai an ƙara yawa? Na sayi faranti uku na danƙon a gosulo a hannun wani yaro, irin wanda ko sunan kamfani babu a jikin ledarsa.

Kafin in fara aiki sai da na yi wa amarya lacca, ina tsaye kan kujera. Na ce asalin wannan abu a Ingila yake, a garin Lesta, inda kamfanin Bostik ya fito da shi kasuwa wajen 1970 da sunan Blu Tack. Ba ma shi aka tashi yi ba. Ana neman haɗin toshe kafa ne da garin alli da roba da mai, haɗin ya ƙi bushewa, aka ga ai wannan kuskuren zai yi kuɗi. Fari ne da farko, aka zuba masa shuɗi don gudun kada yara su ɗauka alewa ce. Na ƙara da cewa a Faransa suna da nasu Patafix, a Afirka ta Kudu kuma Prestik suke kiransa, don dai ta san ba a banza nake sayen data ba.

Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Maigida, shi garin nan na Lesta, akwai zafi irin na Agege?"

Na ce mata kimiyya ba ruwanta da gari.

Kalanda ta sami dunƙule huɗu. Hoto ya sami takwas. Agogo kuwa na shimfiɗa masa faranti guda da rabi, na danna shi da ƙirjina ina ƙirga ɗari. Na sake shi, ya tsaya. Na sauko ina kakkaɓe hannu, na ce ta kira gida ta ba da labari.

Kwana tara abin yana tafiya daidai, in ban da kalanda da kullum sai in tarar da kusurwarta ta ƙasa tana lilo. In ƙara danƙo, gobe ya ɓace. Sai ranar da na ga bakin ƙanwarmu yana motsi, haƙoranta shuɗi. Ashe Turawan da suka rina abin ba su yi shawara da yaran Zariya ba. Ta ce ba zaƙi, amma yana daɗewa. Masu yin na ainihin sun ce ba guba ba ne, amma ba su ce abinci ne ba, balle nawa da ba shi da uba. Na ɗaga kalanda sama inda hannunta ba ya kai.

A dare na goma, cikin watan Maris, lokacin da Ikko ke dafa mutum kafin saukar ruwa, aka ɗauke wuta tun magariba. Fanka ta tsaya, kwanon rufi ya sauko mana da zafin da ya tara tun safe. Abin da na sani a teburin aiki amma na manta a gida shi ne, danƙon nan da ɗumi yake laushi, kuma ko ba ɗumi, in nauyi ya daɗe yana jansa, a hankali yake miƙewa kamar ƙullun alkaki.

Ƙarar da ta tashe mu ban taɓa jin irinta ba. Agogo ya baro bango, ya ja hoton biki suka taho tare, suka sauka kan jeren kwanukan amarya. Murafai suka watsu suna kewaya ɗaki kowanne da muryarsa. Amarya ta yi salati ta kwarma, "Ɓarayi!" Ƙanwarmu ta ɗauka. Gidanmu irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, ƙofa goma sha biyu, kafin in lalubo tocila duk sun buɗe. Wani ya busa usur, 'yan sintirin layi suka amsa. Ni kuma na fito tsakar gida daga ni sai gajeren wando, riƙe da muciya, ina tambayar mutane ta ina suka bi.

Maƙwabcinmu mai tuƙa danfo, ƙaramar bas ta haya, shi ne ya haska ɗakin ya gano ɓarawon kwance cikin kwanon miya, fuskarsa a tsage. Ya tsaya a kan biyu da minti ashirin, ko a kotu ba a neman shaidar da ta fi wannan.

Da safe na ce bari in share sawu kafin Baba ya ji. Ƙa'idar cire shi na san ta sarai: mirgina shi ake yi a hankali, a bi ragowar da wani dunƙulen ana dangwalawa. Amma mai gaggawa ba ya tuna karatu. Na fizga, fenti ya biyo shi kamar ɓawon dankali. Inda fentin ya tsira kuma, man da ke cikin danƙon ya riga ya shige bango ya bar tabo kamar an jingina ƙosai. Na kawo ruwa da garin sabulu da soso, tabo ya zauna, fentin gefensa ya tafi.

Ina cikin haka Mama, matar Baba, ta leƙo yi mana jaje. Ta dubi shuɗayen dunƙulallun da suka rage a jere a bango, ta dube ni, ta ja da baya tana karanto addu'a da Yarbanci. Kafin azahar labari ya gama layi cewa malamin waya ya kafa wa gidan asiri, asirin ya juyo kansa.

Baba ya iso bayan la'asar. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ɓamɓaro dunƙule ɗaya, ya murza, ya shinshina. Na fara, "Baba, a garin Lesta ne…" sai amarya ta taka mini ƙafa. Ya ce, "Malam, da ƙusa ka buga, rami huɗu ne, siminti na cokali ɗaya." Ya jefa danƙon a aljihu ya fita.

Washegari na tarar da takarda a ƙofata: kuɗin bokitin fenti, ladan mai fenti, da ranar biya. Da danƙona ya liƙa ta, dunƙule huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Yau wata biyar ke nan, na biya tuntuni, damina ta zo ta kusa wucewa, takardar ko gezau ba ta yi ba. Amarya ta hana a cire. Kawu kuma zai zo ranar Juma'a, ya ce yana so ya ga inda muka rataye agogonsa.